Kantar Littattafai a Ƙasar Fadama

Mai sayen kantar littattafai a Haɗejiya yakan tsaya duba ƙyallin fenti, alhali abin aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin katakan tsaye biyu masu riƙe da kowane hawa. Takarda tana da nauyi. Jeren mita ɗaya na manyan mujalladai irin su Fathul Bari yakan kai kilo 30, wani lokaci har ya zarce.

Lissafin injiniyoyi ba ya sassauci a nan. Idan aka ninka tsawon hawa sau biyu aka cika shi da littattafai, lotsawar tsakiyarsa za ta ninku sau 16. Idan kuwa kaurin katakon aka ninka, lotsawar za ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Shi ya sa filawud mai kaurin milimita 18 bai kamata ya wuce ƙafa biyu da rabi babu tokari ba. A kuma sa kafinta ya kafa siririn katako a tsaye a bakin kowane hawa, ya buga wa hawan ƙusoshi ta jikin katakon baya. Kuɗin wannan bai taka kara ya karya ba.

Sai danshi, wanda shi ne matsalarmu ta musamman. Katakon da ke ɗauke da kaya, in yana shan laima da damina yana bushewa da hunturu, lotsawarsa ƙaruwa take kowace shekara. MDF kuwa garin katako ne da aka danne da gam; ruwa na taɓa shi ya kumbura, kuma ba ya komawa. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ko gidan da jinga ta kare, danshi na tasowa ta daɓe, gara na biye da shi. Maɗaci ya fi obece jure duka biyun, sai dai tsada.

An saba cewa a jera manyan littattafai a ƙasa don kada kanta ta rinjaya. A bakin Kogin Haɗejiya shawarar na buƙatar gyara: a ɗora kantar kan ƙafafun ƙarfe ko bulo, a ɗaure samanta da bango, a bar 'yar tazara a baya don iska, sannan littattafai su fara daga hawa na biyu.