Yadda Sharhi Ya Bar Shafin Jarida

Tun da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, mai karatu a Arewa ya saba da cewa jarida tana da bakinta. A zamanin editocin New Nigerian Adamu Ciroma da Mamman Daura, ra'ayin jaridar, wadda ta fara fitowa a Kaduna a 1966, abu ne da gwamnatin soja a Legas ba ta iya kau da kai daga gare shi. Yau da wuya ka ji ana musu a majalisa kan abin da wata jarida ta ce.

Dalili na farko kuɗi ne. Takardar ɗab'i daga waje ake shigo da ita, naira kuwa kullum faɗuwa take yi. Jaridar da ke rayuwa da tallan taya gwamna murna ba za ta buɗe baki ta soki kasafinsa ba. Jaridun gwamnati kuma, irin su Triumph ta Kano, sun yi ta fama da rashin kulawar masu su.

Sai rediyo. Wata doka ta 1992 ta ba 'yan kasuwa damar kafa tashoshi, Freedom ta buɗe a Kano a 2003, Bahaushe kuwa dama ma'abocin sauraro ne. Daga baya Facebook ya ƙarasa aikin.

An ci riba, ba shakka. Ɗalibi a Gusau ko matar aure a Azare ba sa jiran yardar edita kafin su faɗi albarkacin bakinsu, kuma da Hausa suke faɗa. Sharhin zamanin da, mu faɗi gaskiya, na 'yan boko ne ƙalilan, galibinsa da Turanci.

Amma ra'ayin jarida ba na mutum ɗaya ba ne. Zama ake yi, a yi gardama, a bi diddigin alƙaluma, wani lokaci lauya ya duba, sannan ya fito ba sunan kowa, domin kamfanin ne zai amsa ƙara. Wannan tankaɗe da rairaya shi ne ya ɓace. Gurbinsa sojojin baka suka cike: ɗan siyasa ya sayi fili, su yabe shi yau, gobe su koma wajen wanda ya fi shi sakin hannu. Aminiya da Leadership Hausa na nan suna bugawa, sai dai marubutansu ma yanzu sukan fara sakin rubutun a waya, edita ya gan shi tare da kowa.