Sojojin Haya da Rushewar Daular Rumawa ta Yamma

Sojan haya shi ne mayaƙin da ke yi wa wata ƙasa yaƙi domin ladan da za a biya shi. Rumawa sun daɗe suna ɗaukar baƙi aikin soja. A ƙarni na farko da na biyu na Miladiyya, hafsoshin daula ne ke jagorantar irin waɗannan baƙi, kuma duk wanda ya cika shekara 25 yana aiki akan mai da shi ɗan ƙasa. Ta haka baƙo kan rikiɗe ya zama Barume.

Al'amari ya sauya a ƙarni na huɗu. A shekarar 376, Gotawa, waɗanda Hunawa suka koro, suka ƙetare Kogin Danub suka shiga daular bisa izinin Sarki Balens. Jami'an daula suka zalunce su, yunwa ta gallabe su, sai suka yi tawaye. A shekarar 378 suka murƙushe rundunar Rumawa a Adiriyanofil, Balens kansa ya halaka. Magajinsa Tiyodosiyas ya ƙulla yarjejeniya da su a shekarar 382: aka ba su ƙasar zama, su kuma za su riƙa yi wa daula yaƙi ƙarƙashin shugabanninsu. Wannan sharaɗi shi ne tushen matsalar, domin biyayyar mayaƙi ta koma ga shugaban ƙabilarsa.

Dalilai biyu suka sa daular ta ƙara dogara da su. Na farko, yaƙe-yaƙen basasa sun cinye ƙwararrun sojoji. Na biyu, haraji ya yi ta raguwa, musamman bayan da Bandalawa suka ƙwace birnin Kartaj, wanda ke ƙasar Tunisiya ta yau, a shekarar 439. Da kuɗi suka yi ƙaranci, sai aka koma biyan mayaƙa da filaye, filayen da aka bayar kuwa harajinsu ya daina shiga baitulmali.

Waɗannan mayaƙa sun yi wa daular amfani ƙwarai. Da taimakon Gotawa aka taka wa Atila burki a shekarar 451. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. A shekarar 408 aka kashe babban kwamanda Istiliko, wanda mahaifinsa Babandale ne, aka kuma karkashe iyalan sojoji baƙi a Italiya. Dubbansu suka koma wajen Alarik, shugaban Gotawa, wanda ya washe birnin Rum a shekarar 410. A shekarar 476 sojojin haya suka nemi filaye a Italiya aka hana su, sai jagoransu Odowasa ya tuɓe sarki na ƙarshe, Romulus Agustulus.

Ɓangaren gabas na daular ma ya yi amfani da baƙi, amma da yake harajinsa bai yanke ba, ya iya biyansu tare da juya akalarsu. Ya ɗore har shekarar 1453.