Halin Shugaban Makaranta da Aikin Malamai

A ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa akwai makarantu da yawa waɗanda suke nesa da babbar hanya. Wanda zai je Riruwai daga Kano sai ya ratsa dajin Falgore, da damina kuwa wasu ƙauyukan ba su shiguwa da mota. Saboda haka mai duba makarantu ba ya zuwa sai jifa-jifa. Ko malamai za su yi aiki ko ba za su yi ba, yawanci yana ga hedimasta.

A shekarar 1939 wani masani mai suna Kurt Lewin da abokan aikinsa suka gwada shugabanci iri uku a kan ƙungiyoyin yara a Amurka. Shugaba na fari mai ba da umurni ne kawai, na biyu mai shawara da yaran, na uku kuwa ya sakar musu kowa ya yi abin da ya ga dama. Yaran mai umurni sun yi aiki sosai muddin yana tsaye a kansu, amma da zarar ya fita sai aiki ya lafa. Na mai shawara ba su fasa ba ko ba ya nan. Na ukun su ne suka fi kowa ƙarancin aiki.

Makarantar ƙauye ma haka take. Hedimastan da yake tsawata wa malami gaban almajirai, ya raba darussa ba tare da ya tambayi kowa ba, za a ga malamansa sun zo a kan lokaci. To, amma hedimasta ba ya rasa tafiya ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, ranar kuwa sai aji ya zama wurin hira. Wanda yake zama da malamansa a farkon zango su tsara aiki tare, ya shiga aji ya saurari darasi, ya yi gyara a asirce, shi ne yake iya tafiya hankalinsa kwance. Ba a ce ya daina tsanani ba. Malamin da ya bar aji ya tafi gonar shinkafa ranar aiki dole a rubuta shi. Mafi muni shi ne wanda ba ruwansa, domin malamin kirki ma yakan gaji in ya ga ba a bambanta shi da malalaci.

Tun da aka soma ilmin firamare kyauta a 1976, aka sake ƙarfafa shi da dokar 2004, yara sun yawaita a makarantu, nauyin kuwa ya hau kan shugabanninsu. Ana roƙon hakimai, in sun fita rangadi, su riƙa biyawa makaranta ba tare da sanarwa ba, musamman ranar da hedimasta ba ya nan. Malamin hakimi ya rubuta yawan malaman da ya tarar cikin aji, ya duba littafin sa hannu, ya tambayi ranar da aka yi taron malamai na ƙarshe, sa'an nan a aika wa sakataren ilmi.