Matsayin Tumaki da Awaki cikin Bisashen Nijar

1. Gabatarwa

Abin da Bakano yake kira dabbobi, shi mutumin Maraɗi ko Damagaram yake kira bisashe. Makiyaya da ma'aikatan kiwo sun kasa su gida biyu. Akwai manyan bisashe, wato shanu da raƙuma da dawaki da jakuna. Akwai kuma ƙananan bisashe, wato tumaki da awaki. Ɗalibi ya lura cewa kalmar tumaki ta haɗa rago da tunkiya, kamar yadda awaki ta haɗa bunsuru da akuya. A wannan darasi za mu duba kason ƙananan bisashe cikin dukiyar kiwon Nijar, da dalilan da suke sa kason ya hau ko ya sauka.

2. Abin da ƙidaya ta nuna

Alƙaluman da aka riƙa bayarwa bayan samun mulkin kai a 1960 kiyasi ne, wanda ya dogara ga jangali da allurar rigakafi. Makiyayi kuwa ba ya son a san adadin garkensa, balle a gaban mai karɓar haraji. Babbar ƙidayar noma da kiwo da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ita ce ta ba da adadi mafi inganci: bisashe kimanin miliyan 31. Daga ciki awaki sun kai miliyan 11.2, tumaki miliyan 9.2, shanu miliyan 7.3. Raƙuma da jakuna kowannensu wajen miliyan ɗaya da rabi ne, dawaki kuma ba su kai dubu 250 ba. Ke nan cikin kowaɗanne bisashe uku, biyu tumaki ne ko awaki.

Amma wannan lissafin kai ne, inda akuya take ɗaya, raƙumi ma ɗaya. Masana kiwo suna da wani ma'auni da ake kira UBT, wanda yake daidai da dabba mai nauyin kilo 250. A kansa raƙumi ɗaya ne cif, saniya ta ɗan gaza ɗaya, sai an tara tumaki ko awaki bakwai zuwa goma kafin su cika ɗaya. Idan aka bi wannan ma'auni, kason ƙananan bisashe yakan faɗo zuwa wajen kashi ɗaya bisa huɗu. Saboda haka duk wanda ya ji an ambaci kaso, sai ya tambaya: da kai aka ƙirga ko da nauyi?

3. Fari da sauyin garke

Tarihin wannan kaso tarihin fari ne. A farin da ya tsananta a 1973, Nijar ta yi asarar kusan rabin shanunta. Garke bai gama farfaɗowa ba sai ga farin 1984, wanda Hausawan ƙasar suke kira Ƴar Buhari, domin ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Tumaki da awaki ma sun mutu, amma ba kamar shanu ba, kuma su suka fara komawa yadda suke. Shi ya sa a shekarun da suka biyo bayan kowane fari kasonsu yake hawa.

Dalili na farko shi ne abinci. Saniya tana bukatar ciyawa mai yawa da ruwa a kai a kai. Akuya kuwa takan miƙe kan ƙafafun baya ta ci ganyen ƙaya da na aduwa, ta tsinci ƴaƴan gawo, a lokacin da ƙasa ta zama fako. Na biyu shi ne haihuwa. Cikin saniya wata tara ne, kuma a Sahel karsana takan kai shekara huɗu kafin haihuwar fari. Cikin akuya da tunkiya wata biyar ne, akuya takan haihu tana da shekara ɗaya da ƴan watanni, sau da yawa tagwaye. Na uku shi ne kuɗi. Wanda fari ya tsiyata ba shi da jarin sayen saniya, amma yana iya samun akuya biyu, ko da ta hanyar habbanaye, al'adar Fulani ta ba da aron dabba har ta haihu, mai aro ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. In awaki suka yaɗu, sai a sayar da wasu a sayi maraƙi. Wato da ƙananan bisashe ake sake gina garken shanu, kuma da zarar shanu sun dawo sai kason ya sake sauka. Kiyasin hukuma na farkon shekarun 2020 ya haura bisashe miliyan 50, inda tumaki da awaki suka ɗan wuce kashi 60 cikin ɗari.

4. Tsakanin tunkiya da akuya

Akwai wani sauyi a cikin gidan ƙananan bisashen kansu. A shekarun 1960 awaki sun ninka tumaki. A ƙidayar 2005 zuwa 2007 kuwa, kowaɗanne awaki 11 suna da tumaki 9 a gefensu. Kasuwa tana cikin abin da ya jawo haka. Garuruwa sun girma, bukatar ragon layya da na suna ta ƙaru, a gida da kuma Nijeriya, inda yawancin bisashen da Nijar take fitarwa suke zuwa. Kiwon turke ya zama sana'a: a sayi ramammen rago Balami ko Uda, a ɗaure shi a gida, a ba shi harawa da dussa har Sallah ta matso. Duk da haka akuya ba ta rasa darajarta ba, musamman jar akuyar Maraɗi, wadda aka san ta da yawan haihuwa da nono da kyawun fata.

5. Kammalawa

Wannan lissafi ya shafi rayuwar mutane kai tsaye. A ƙauyukan Hausa yawancin awakin gida na mata ne. Su ake sayarwa in rumbu ya ƙare, ko yaro ya kwanta ciwo, ko biki ya taso, shi ya sa ake ce wa akuya saniyar talaka. Idan hukuma ta auna dukiyar kiwo da nauyi kaɗai wajen rabon abincin dabbobi da magani, masu shanu ne za su fi amfana. Idan ta duba yawan gidajen da suka dogara ga kowace dabba, tumaki da awaki ne a gaba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin lissafin kai da lissafin UBT?
2. Kawo dalilai uku da suke sa awaki su riga shanu farfaɗowa bayan fari.
3. Bayyana ma'anar waɗannan kalmomi, ka sa kowace cikin jimla: karsana, jangali, harawa, fako, kiwon turke.