Abin da Matuƙin Jirgi ke Gani a Cikin Hadari

Mazauna Briqueterie da Madagascar a Yaoundé sun san halin hadarin watan Oktoba: gari ya yi baƙi ƙirin, kafin mai tsire ya kwashe kayansa ruwa ya kece. Na ƙasa laima ta ishe shi. Matafiyin da ke filin jirgin Nsimalen kuwa sai a ce an jinkirta tashi, ya hau mita.

Da ya leƙa allon da ke gaban matuƙi, da ya sassauta. A hancin jirgin akwai na'urar hangen hadari, wato rada. Tana harba igiyoyin rediyo gaba, su bugi ɗigon ruwan da ke cikin gajimare su dawo. Daɗewarsu kafin su dawo ita ke nuna nisan hadarin, ƙarfinsu kuma ya nuna yawan ruwan. Sai allo ya rina: kore ruwa ne kaɗan, rawaya a yi hattara, ja kuwa ba a shigarsa. Horon da ake ba matuƙa shi ne su ba hadari mai ƙarfi ratar kusan kilomita 37.

Amma fa rada ruwa take gani, ba komai da komai ba. Busasshiyar ƙanƙara a ƙololuwar gajimare ba ta fitowa sosai. Ruwa mai kauri kuma yakan shanye igiyoyin, sai bayansa ya zama kamar fili alhali wani hadarin na laɓe a can. Ga kuma iskar da ke faɗowa ƙasa da ƙarfi ta danne jirgi yana tashi ko sauka. Irinta ce ta kayar da jirgin Delta a Dallas ta Amurka a 1985, abin da ya gaggauta samar da rada mai auna gudun ɗigon ruwa don gano juyin iska. Juyin iskar nan na cikin abin da ya kayar da jirgin ADC a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, inda mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo.

Hatsarin jirgin da ya faru a Kamaru ya fi ba ni tsoro. Daren 5 ga Mayu 2007, jirgin Kenya Airways mai zuwa Nairobi ya jira kusan awa guda a Douala saboda hadari. Wasu jirage biyu suka ci gaba da jira, shi ya tashi. Ko minti biyu bai yi a sama ba ya faɗa fadamar Mbanga Pongo, duka mutum 114 suka rasu. Rahoton hukumar sufurin sama ta Kamaru na 2010 bai ce hadari ne ya kakkaɓo shi ba. Cikin duhu, matuƙan suna kauce wa hadarin da radarsu ta nuna, jirgin ya yi ta karkata dama ba su ankara ba, na'urar tuƙi da kanta ma ba ta kama aiki ba.