Hazbiya: Kalma Ɗaya, Cuta Biyu

A bakin Bahaushe hazbiya tsuntsuwa ce, dangin tantabara, kuma da sunan nan a ke kiran ƙurjin da ke fitowa a fatar ido. Abin da mu ke so mu nuna a wannan takarda shi ne, kalmar ta tara abubuwa biyu waɗanda likitoci su ka rarrabe, kuma rashin rarrabewar ya kan jawo wa mutane wahala.

A ce malami a makarantar Jabo, ta ƙasar Tambuwal, ya ga yara biyu da kumburin ido a lokacin hunturu. Na ɗaya ƙurjinsa ja ne, a gindin gashin ido, da zafi, da ɗan farin kai na mugunya. Na biyu nasa ƙullutu ne mai tauri, can cikin fatar idon, ba zafi, ya kuwa yi wata guda. Iyayensu duka za su ce hazbiya ce.

Na farkon shi likitoci ke kira hodiyolum, daga kalmar Latin mai ma'anar sha'ir, domin ya yi kama da ƙwayarsa. Ƙwayar cuta ce, galibi wadda a ke ce wa sitafilokokas, ta kan shiga gindin gashi ta tara mugunya. Na biyun sunansa kalaziyon, daga kalmar Girkanci mai nufin 'yar ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan sama. Asalinsa toshewa ce. A cikin fatar ido akwai waɗansu 'yan kafofi masu fid da maiƙo don kada hawaye ya bushe da wuri, waɗanda wani likitan Jamus, Heinrich Meibom, ya bayyana a 1666. In ɗayarsu ta toshe, sai maiƙon ya daskare ya zama ƙullutu. Shawararmu ita ce a bar wa na farko sunan hazbiya, na biyu kuwa a ce masa ƙanƙarar ido.

Maganin farko ɗaya ne. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a ɗora kan ido a rufe kamar minti 10, sau 3 ko 4 a yini. Hazbiya ta kan fashe da kanta ta warke cikin mako 1 ko 2. Ƙanƙarar ido ta kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. In ta ƙi tafiya, likita ya kan kashe zafin wurin ya tsaga ta daga ciki, ko ya yi mata allura. Kada a matse, kada kuma a kai wa wanzami ya huda. A dakata da sa kwalli, kuma kada a yi tarayya da mai ciwon a kan tsinken kwalli ko mayafin share fuska.

Lalle a tafi asibiti in kumburi ya game fatar ido duka, ko zazzaɓi ya biyo, ko gani ya ragu. Haka kuma in ƙullutu na ta komowa wuri ɗaya ga dattijo, gama wani irin ciwon daji ya kan ɓuya da wannan kama.

Saura abu guda da ya shafi ƙasar Sakkwato musamman, watau amosanin ido. Shi ba ƙurji ɗaya ba ne. Ƙananan ƙuraje ne da yawa a cikin fatar ido ta sama, daga baya su bar tabo, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido har ta makance. A 1998 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin kawar da makantar da ya ke jawowa. Malamin da ya ga yaro da kwantsa kullum, ƙudaje na bin idonsa, kada ya ce hazbiya ce ya jira ta fashe. Ya aika da shi wurin ma'aikacin lafiya.