Yaron da Ya Sha Sodar Sabulu: Yadda Ake Gyara Hanyar Abincinsa

A garuruwanmu na bakin iyaka, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Konni, mata da yawa suna rufa wa kansu asiri da haɗa sabulu. Marina ma suna aiki da soda irin wannan. Idan an jiƙa ta, ba ta da launi, ba ta da wari, ido ba ya bambanta ta da ruwan sha, kuma galibi a gorar ruwa ko kwalbar lemo ake ajiye ta. Sai yaro ɗan shekara 2 ko 3 ya dawo daga wasa da ƙishirwa, ya ɗauka ya kurɓa. Kurɓa ɗaya tana iya sauya rayuwarsa.

Abin da soda ke yi a ciki

Hanyar abinci bututun tsoka ne da ya taso daga maƙogwaro, ya ratsa ƙirji ta bayan zuciya, ya sauka a tumbi. A jikin babba tsawonsa ya kai kimanin santimita 25. Soda tana narkar da naman wannan bututu, tana ci tana shiga ciki. Idan ƙunar ta warke sai ta bar tabo, shi kuwa tabo tsukewa yake yi, kamar yadda fatar da ta ƙone take tamukewa. Da haka hanyar ke ƙuntata har tuwo ya kasa wucewa, daga baya kunu, a ƙarshe ko yawu.

Ranar farko

Kada a sa yaron amai, domin sodar za ta sake ƙona hanyar yayin dawowa. Kada a ɗura masa manja, ko madara, ko ruwan tsamiya da nufin kashe kaifinta. A wanke masa leɓe da fatar da ta taɓa da ruwa mai yawa, a cire rigar da ta jiƙe, a garzaya da shi asibiti tare da gorar da ya sha. Rashin ganin ƙuna a baki ba ya nuna cewa ciki ya tsira. Inda akwai na'urar leƙa ciki, wato siririn bututu mai kyamara, likitoci sun fi son dubawa cikin awa 24 na farko, domin bayan 'yan kwanaki bangon hanyar yakan yi rauni har dubawar ta zama haɗari.

Saukin da ke yaudarar iyaye

A nan ne muka fi yin asarar yara. Bayan mako guda kumburi yakan sauka, yaron ya koma cin abinci, iyaye su yi hamdala su daina zuwa asibiti. Alhali tsukewar takan fara bayyana ne daga mako na 3 zuwa wata na 2. Alamominta su ne: yaro ya riƙa ƙin abinci mai tauri, ya dawo da loma jim kaɗan bayan haɗiya, yawu ya riƙa dalala, ya yi ta tari in yana sha, ya fara rama. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, ya komo da shi a ranar. Yaron da aka kawo da sauran ƙarfinsa ya fi jure aiki a kan wanda yunwa ta riga ta cinye.

Matakan aiki guda uku

Kafin komai za a ba yaron wani ruwa mai fitowa a hoto ya sha, a ɗauki hoton ƙirjinsa, don a ga inda hanyar ta tsuke da tsawon wurin.

Mataki na farko shi ne faɗaɗawa. Ana sa yaron barci, likita ya zura sanduna masu laushi ta baki, daga siririya zuwa mai kauri, ko ya hura wani ɗan balan-balan a daidai wurin tabon. Ba a yanka ko'ina. Sai dai tabo yakan sake tsukewa, shi ya sa ake maimaitawa bayan kowane mako 1 zuwa 3 da farko, har na tsawon watanni. Yara da yawa da wannan kaɗai suke warkewa, muddin ba a tsallake ranakun da aka ba su ba.

Mataki na biyu shi ne robar ciyarwa. Idan hanyar ta tsuke ƙwarai, ana yin ƙaramar huda a fatar ciki, a sa roba kai tsaye cikin tumbi. Ta nan uwa za ta riƙa zuba kunun gyaɗa, madara, dafaffen ƙwai da wake da aka niƙa aka tace. Iyaye da yawa suna jin tsoronta, suna ganin alamar ƙarshe ce. A gaskiya ita ce ke riƙe ran yaron, ta mayar masa da jiki kafin babban aiki, kuma idan ya koma ci ta baki ana cire ta, ramin ya rufe.

Mataki na uku shi ne sauya hanyar baki ɗaya, idan tabon ya yi tsawo ko faɗaɗawa ta ci tura. Likitan tiyata zai yanko wani sashe na babban hanjin yaron tare da jijiyoyin jininsa, ya haura da shi ta ƙirji, ya ɗinka kai ɗaya a wuya, ɗayan a tumbi. Wani lokaci tumbin kansa ake jawowa sama. Yawanci ana jira aƙalla wata 6 bayan shan sodar, sai tabon ya gama zama. Babban aiki ne mai ɗaukar awoyi, yana buƙatar jini da kwanciya ta makonni, amma yaran da aka yi wa sukan koma cin tuwo da hannunsu, su girma, su yi karatu.

Bayan an dawo gida

Zazzaɓi, ciwon ƙirji ko baya, numfashi sama-sama, ko kumburin wuya bayan faɗaɗawa suna iya nufin hanyar ta huje. Wannan ba ya jiran wayewar gari. Bayan babban aiki kuma, a ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya tauna sosai, kada ya kwanta da zarar ya ci, a ɗaga masa kai in zai yi barci. Ko ya girma ya ci gaba da zuwa a duba shi, domin hanyar da soda ta ƙona tana iya haifar da ciwon daji bayan shekaru masu yawa.

Ga masu ƙetare iyaka

Irin wannan tiyata sai a manyan asibitoci, shi ya sa iyalai ke ƙetarawa neman ta. Ku karɓi takardar turawa daga asibitin garinku, ku adana hotuna da katin yaron a leda guda, ko da Faransanci aka rubuta su ko da Ingilishi. Ku roƙi likita ya rubuta ranar da aka sha sodar da kaurin sandar da aka tsaya a kai, don wanda zai karɓe ku ya ɗora daga nan. Tun da farko ku tambayi sau nawa za ku dawo, ku yi shawara da dangi kan kuɗin mota da masauki, domin yanke zuwa a tsakiya yana rushe abin da aka gina.

Ke mai haɗa sabulu, kai mai rini, a yau ɗin nan ku fitar da soda daga gorar ruwa. A zuba ta a mazubi mai murfi, a yi masa jar alama, a kulle shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Allah ya tsare mana zuri'a.